Mukhtaru Magini da Masallacin Ƙasa na Misfala

A can ƙarshen Misfala, inda gidajen dutse suke ƙarewa, hanya ta miƙe kudu ta nufi Ka'akiyya, an taɓa yin wani ɗan masallaci na ƙasa. Ba ya cin mutum talatin sai an matsu. Shekara ashirin da uku ya yi a tsaye, kuma iya sanin waɗanda suka gan shi, ba shi da na biyu a Makka. Wanda ya gina shi sunansa Mukhtaru, mutumin ƙasar Zazzau, kuma a tsawon shekarun nan babu abin da ya cinye masa ƙarfi kamar ƙoƙarin kada ginin nan ya faɗi.

Mukhtaru ɗan gidan magina ne. Tun yana ɗan shekara bakwai yake taka ƙasa a bayan mahaifinsa, kafin gemu ya fito masa ya iya ɗaura bakan gizo, wato rufin nan mai lanƙwasa da ake yi da azara da igiya, a lulluɓe da ƙasa. Ya baro gida shi da matarsa Shatu da jaki ɗaya, da niyyar su sauke farali su koma cikin shekara biyu. Bakwai suka yi a hanya. Sun yi ƙwadago a gonakin Abashe, sun tsinci auduga a Sudan, sun binne 'ya'ya biyu a garuruwan da ba su sake gani ba, sannan suka tsallako teku daga Sawakin, suka shigo Makka a 1932. Da aka gama aikin hajji Shatu ta ce ita kam ƙafarta ba za ta sake taka wannan hanya ba, ko da a kan gado za a ɗauke ta. Mukhtaru bai yi mata musu ba. Nasa ƙafafun ma abin da suka faɗa masa ke nan.

Sai dai Makka ba ta neman maginin ƙasa. Gari ne na dutse, maginansa kuwa suna da nasu sanin da nasu mutanen. Saboda haka Mukhtaru ya yi abin da da yawa daga 'yan'uwansa suke yi. Ya samu sanda ya rataya gwangwani biyu, ya zama ɗan ga-ruwa, yana hawa da sauka a benayen mutane daga safe har rana ta faɗi. Unguwar da suka zauna kuwa bukkoki ne na gwangwanin kananzir da aka fasa aka miƙe, da tsummokaran buhu. In rana ta take, mutum ba ya iya jingina da bangon ɗakinsa.

Limamin unguwar wani Bakano ne, Malam Rabi'u, wanda ya riga su zuwa da shekara goma. Masu ƙarfi Harami suke tafiya salla, amma tsofaffi da marasa lafiya ba sa iya wannan tafiya sau biyar a wuni, sai Malam ya jera duwatsu a fili yana ja musu salla a ciki. Wata rana da azahar wani tsoho ya yi sujada, tsakuwa ta ƙona masa goshi har fatar ta tashi. Da aka sallame Malam ya juyo ya dubi Mukhtaru. Da ma tsakanin Bakano da Bazazzage ba a rasa wasa.

"Kai Bazazzage, an ce mini kai magini ne. Ni dai tun da na san ka ban ga ka gina ko akurki ba."

"Allah gafarta Malam, ai Bakano ba ya ganin abu sai in na sayarwa ne. A samo mini ƙasa a gani."

"Ƙasa? Ba ga ta muna zaune a kai ba?"

"Wannan yashi ne. Ko da zuma ka kwaɓa shi ba zai kama ba."

"To tashi ka nemo, bawana. Ko sai na ɗaura maka igiya na ja ka?"

Juma'a uku Mukhtaru ya yi yana yawo da fartanya a kafaɗa bayan an sauko daga masallaci. A ta ukun ya tarar da wani kwari kudu da unguwar, ƙasarsa ta tsage kamar bayan kunkuru. Ya ɓantara ya jiƙa da yawu, ya murza a tafin hannu, ta miƙe kamar taliya ba ta karye ba. Wani mai kiwon awaki ya ce masa laka ce da sel yake kwantarwa a nan, wato ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu in an yi ruwa. Mukhtaru ya yi murna da lakar. Bai tambayi mai awakin ta wace hanya sel ɗin yake bi ya iso nan ba.

Ƙasa ta samu, sai ruwa. Kwaɓin gini yana shan ruwa kamar raƙumi, kuma a Makka ba a zubar da ruwa a ƙasa da gangan. Sai ya haƙa rami a gindin inda ake alwala, duk abin da ya zuba daga hannuwa da ƙafafun masallata ya gangara ciki. 'Yan ga-ruwa kuma suka ɗauki al'ada, in mutum ya tashi aiki ya biyo ya juye ɗan abin da ya rage a gwangwaninsa. Da wannan ruwa aka kwaɓa lakar, da kashin jaki da burbushin ciyawa da aka sharo daga masaukin raƙuma, aka bar ta kwana bakwai ta ruɓa. Sannan ya zauna yana dunƙula tubali da hannu, ɗaya bayan ɗaya, mai faɗin gindi da tsinin kai kamar na gida. Ranar Makka kwana biyu take busar da abin da ta Zazzau take yi a mako.

Azara ce ta fi ba shi wuya. Babu giginya a wannan ƙasa. Ya gwada kututturen dabino ya ga cikinsa taushi gare shi, bai yarda da shi ba. Daga baya ya samu masu raƙuma da ke zuwa daga bakin teku suka kawo masa goruba, ya tsaga ta da kansa. Goruba tana da ƙarfi, amma ba ta kai giginya tsawo ba, kuma gajartar azarar nan ita ta yanke wa masallacin girmansa. Ɗaki ɗaya ne, taku tara a taku tara. Ya tayar da baka biyu, ɗaya daga bangon alƙibla zuwa na ƙofa, ɗaya daga gabas zuwa yamma, suka haɗu a tsakiya suka riƙe juna. Magina suna kiransa ɗaurin guga. Wanda ya shiga ya ɗaga kai sai ya ga kamar an kife masa babbar ƙwarya. Bangon kamu ɗaya da rabi ne a gindi, yana sirancewa yana hawa. Tagogi biyu ne, ƙanana, can sama. Ƙofar gajera ce, dogon mutum sai ya sunkuya. Babu hasumiya, matakala uku ce a gefe ladan yake hawa. A kusurwa huɗu na soron ya tayar da zanko, don a cewarsa gini ba zanko kai ne ba hula. Alƙibla kuwa arewa ta duba, domin mai zama a Misfala Harami yana arewa da shi, kuma wannan shi ne karo na farko da Mukhtaru ya fafe gurbin liman a bangon da ba na gabas ba.

Wani maginin dutse, Bahadrame, wato Balaraben kudu, ya zo kallo ranar da aka cire tokara. Ya tsaya a tsakiya ya daɗe yana duban sama.

"Ina dutsen?"

"Babu."

"To me ya riƙe shi?"

"Itace da igiya da ƙasa."

Bahadramen ya ja da baya har bakin ƙofa, sannan ya ce, "Allah Ya riƙe shi."

An gama a 1934, shekarar da Shatu ta haifi ɗansu da ya rayu. Aka sa masa Yunus, sunan mahaifin Mukhtaru, don haka har ya girma uban bai taɓa kiransa da komai ba sai Babana. Masallacin ya yi sanyi kamar randa. Tsofaffi suka riƙa zuwa tun kafin azahar su miƙe a kan tabarma, har sai da Malam ya yi wa'azi a kan barci a masallaci.

Amma akwai abin da hannun Mukhtaru ya yi ba tare da ya shawarci idonsa ba. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, ruwa da iska su doki bangon gabas, shi ya sa kowane magini yake ƙara masa kauri, ya ninka masa yaɓe. Haka ya yi a nan. Ya cika bangon gabas, ya ɗaga rawanin soron, ya sa indararo huɗu na gwangwani don su zubar da ruwan sama nesa da jikin gini.

"Waɗannan fa?" in ji Malam Rabi'u. "Damina kake jira? Shekarata goma sha biyu a garin nan ban ga an shuka gero ba."

"Malam ka tsaya ga littafinka."

Sama Mukhtaru yake tsoro, don ita aka koya masa tsoro. Tushen ginin kuwa iya gwiwa ya haƙa, ya ɗora tubali tun daga ƙasa, ba dutse ko ɗaya, kamar yadda ake yi a kan jar ƙasar Zazzau.

Shekara bakwai bayan nan, wata Laraba a watan Rabi'ul Awwal, a 1941, aka tashi da ruwa tun da safe. Ya sauka a kan duwatsun da suka kewaye garin, duwatsu kuwa ba sa shan ruwa, miƙo shi suke yi. Ya cika Harami, ya fito ta kudu ya biyo Misfala, domin ruwan Makka ta nan yake fita. Mutanen unguwa suka kwashi 'ya'ya da tukwane suka haye gefen dutse. Daga nan Mukhtaru ya tsaya, da Yunus a kafaɗa, yana kallon bukkoki suna tafiya kamar faifai. Ya ga indararonsa huɗu suna aiki yadda ya kamata, suna wullo ruwa nesa da bango. A ƙasa kuwa jan ruwa mai ɗauke da itace da gawar awaki yana dukan bangon arewa, bangon alƙibla, wanda ya fi kowanne sirantaka saboda gurbin liman.

Da ruwa ya janye aka sauko. Masallacin yana tsaye. Bangon gabas ko ƙwarzane bai yi ba. Na alƙibla kuwa ruwa ya cinye rabin kaurinsa daga ƙasa har ƙugun mutum, kuma tsaga ta tashi daga gurbin liman ta hau har inda ƙafar baka ta zauna. Mukhtaru ya sa hannu a tsagar, hannun ya shige har wuya.

Ya jira Malam Rabi'u ya yi masa dariya. Malam ya zagaya ginin, ya dawo ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Sannu, Mukhtaru." Bai ce Bazazzage ba. Wannan ya fi masa ciwo fiye da duk wani zambo.

Ya je ya nemo Bahadramen nan, ya sauke girman kai ya koyi yadda ake jera dutse da farar ƙasa. Suka tokare bangon, suka cike gindinsa da dutse, suka toshe tsagar. Ginin ya tsaya, amma ya ɗan sunkuya gaba kamar mai shirin ruku'u, kuma tun daga ranar bai sake lafiya ba. Ƙasar wurin ta riƙa tsatso gishiri, gishirin yana hawa bango yana ɓare yaɓe kamar ɓawon albasa. Ginin ƙasa da ma da yaɓe yake rayuwa. Wannan kuwa in aka tsallake masa shekara ɗaya, ta biyu ba za ta same shi ba.

A gida ba a kiran mutane yaɓen masallaci. Da bazara ta kama, aka ga hadari ya fara leƙowa, kowa ya san lokaci ya yi, unguwa ta fito da ƙwarya da fartanya. A Makka babu abin da yake tuna wa mutum. Sama ɗaya ce daga wata zuwa wata. Sai Mukhtaru ya zama shi ne bazarar. Ya tsayar da watan Muharram, bayan alhazai sun watse mutane sun huta, ya riƙa bi ƙofa ƙofa yana sallama. Shekarar farko mutum arba'in suka fito, mata suka dama kunu, aka gama a wuni ɗaya ana waƙa. Bayan shekara biyar ashirin ne. Waɗanda suka san taka ƙasa suna tsufa, wasu suna mutuwa, wasu kaɗan sun koma gida. 'Ya'yansu kuwa a nan aka haife su, Larabci ya fi musu sauƙi a baki, sun samu aikin tuƙi da gadi da dako a kantuna, kuma ba wanda yake son ya tuɓe takalmi ya shiga kwaɓin da aka sa wa kashin jaki. Suna gaishe shi da ladabi, su ce bukra insha Allah, gobe. Ya san ma'anar wannan goben.

Ya kai ga aikin wuni ɗaya yana cin mako uku, shi da tsofaffi huɗu, daga baya shi da biyu. Da safe ya yi ga-ruwa, da la'asar ya shiga rami ya taka ƙasa. Gishirin ya tsattsaga masa dugadugai. Shatu, wadda take soya gyaɗa tana sayarwa a bakin hanya, ita take dafa ruwa ta gasa masa su, ta cusa kitse a tsagogin.

"Maigida, yaro ma in ya shekara biyu yaye shi ake yi."

"Ɗakin Allah ne."

"Na sani. Ai ban ce na wani ba ne. Amma Allah yana da wasu bayin a unguwar nan ban da kai. Ɗaga ɗaya ƙafar."

Sai ya ɗaga mata ƙafar. Sama da shekara ashirin a garin nan, duk wanda ya san shi a matsayin mai ruwa ya san shi. Abu ɗaya ne a Makka da zai nuna a ce wannan aikin Mukhtaru ne, ɗan gidan magina.

A 1955 aka fara faɗaɗa Harami. Aka rushe gidaje da yawa a kewayensa, mutane suka gangaro Misfala, unguwar ta cika. Masallacin da aka yi wa tsofaffi talatin ya zama sahu biyar suna waje a rana. Yunus ya zama saurayi mai faɗin ƙirji, yana cikin masu zuba siminti a wancan babban aikin, yana dawowa da farar ƙura a gira. Bayan shekara biyu wani alhaji mai hali ya yi alkawarin siminti da ƙarfe in za a sake masallacin ya fi haka girma. Fili kuwa babu, sai wanda ginin ƙasa yake kai.

Aka zauna bayan la'asar. Matasa suna so, tsofaffi kuwa suna duban Mukhtaru. Yunus ne ya yi magana, da Hausarsa mai gauraye.

"Ya abuya, babana, halas, ya isa haka. Ginin nan ya gaji, kai ma ka gaji. Siminti ba ya son yaɓe. Ka zuba sau ɗaya, ka manta."

"Ka taɓa yin azahar a ɗakin siminti, Babana? Tanda ce."

"Za a sa fanka."

"A unguwar da babu lantarki."

"Zai zo, wallahi zai zo."

Malam Rabi'u a lokacin ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi hazo, sai an riƙe masa hannu ake kai shi gurbin liman. Ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Ni ban san gini ba. Wanda ya ɗaura shi, shi ya san cikinsa. In Mukhtaru ya ce zai tsaya, ba mai taɓa shi ina raye, sai a nemi wani filin. In ya ce ba zai tsaya ba, shi ke nan."

"Zai tsaya," in ji Mukhtaru.

"Ban ce ka faɗa yanzu ba, Bazazzage. Kullum bakinku yana gaban ƙafarku. Hau ka duba tukuna."

Kwana tara ya yi bai hau ba. Yau tsani yana hannun maƙwabci, gobe bayansa na ciwo. Shekara goma sha shida yana yaɓe bangon nan daga waje, bai taɓa buɗe ƙafar bakan da ke kan alƙibla ya ga azarar ba, kuma ya san dalilin da ya hana shi. A rana ta goma da hantsi, lokacin da ba kowa a masallacin, ya ari basillar da Shatu take ɗinke buhu da ita, ya jingina tsani.

Ya fara da ƙafar gabas. Ya ɓare yaɓe kamar faɗin tafin hannu, ya ƙwanƙwasa goruba, ta amsa masa da ƙarfi, basilla ta ƙi shiga. Ta yamma haka, ta ƙofa haka. Ya matsar da tsani kan gurbin liman. Da ya ɓare, azarar tana nan da kamanninta, baƙa, kamar lafiyarta ƙalau. Ya ɗora basilla bai ko danna ba ta shige har gindi kamar a malmalar tuwo. Da ya zare, gari ya biyo ta yana zuba a kan tabarmar Malam. Gara ce. Ta bi danshin tsohuwar tsagar ta hau, ta cinye cikin itacen ta bar ɓawo. Igiyar da ya ɗaure su da ita ya taɓa ta, ta zama toka a yatsunsa.

Ya daɗe a kan tsanin. A gida da an tokare rufin an zare ruɓaɓɓun an sa sababbi, amma wannan aiki ne na mutum ashirin da suka san abin da suke yi, shi kuwa biyu gare shi, ɗayansu ba ya ji. Sai ya sauko ya kwaɓa 'yar ƙasa, ya hau ya toshe ramukan huɗu, ya shafe da tafin hannu har ba a gane wurin. Ya kakkaɓe tabarmar. Ginin ya yi shekaru a haka bai faɗi ba. Zai iya ƙara biyar. Ba wanda ya san abin da ke ciki sai shi.

Aka kira azahar. Aka jawo Malam Rabi'u aka tsayar da shi a gurbinsa, daidai ƙarƙashin ƙafar bakan. Mukhtaru yana sahun farko, a bayansa. Raka'a huɗu bai san abin da ya karanta ba. Kunnensa yana sama. Malam ya yi tari a raka'a ta biyu, Mukhtaru ya ji tarin har cikin haƙoransa. Sujadar ƙarshe tsohon ya daɗe bai ɗago ba, don gwiwarsa ba ta saurin tashi, kuma a ƙeyar rawaninsa akwai ɗan garin da bai kasance a wurin ba lokacin da aka yi kabbara.

Da aka sallame bai jira an yi addu'a ba.

"Malam."

"Na'am."

"Daga yau a yi salla a waje."

Malam Rabi'u bai juyo ba.

"Ka duba?"

"Na duba."

"To." Ya miƙa hannu. "Zo ka fitar da ni da kanka. Ban yarda da yaran nan ba, janye ni suke yi kamar akuya."

Yunus ya so ya kawo abokan aikinsa da diga da igiya su gama da shi a safiya ɗaya. Mukhtaru ya ce a'a. Ɗaurin guga ba a ture shi. Kowace ƙafa tana danne da 'yar'uwarta, in aka fizge ɗaya sauran za su watsa bango waje, kuma yanzu ɗakunan mutane sun manne da masallacin ta gefe uku. Warware shi ake yi daga sama, yadda ake warware rawani, kuma duk unguwar mutum ɗaya ne ya san ta inda aka fara naɗin. Haka yana neman shekara sittin ya sake hawa soron, bayan sun tokare shi daga ciki da duk itacen da aka samu. Yunus ya nemi hutun kwana shida a wurin aiki, ya tuɓe takalmi ya bi shi.

Suka kwashe ƙasar rufin kwando kwando. Da azara ta bayyana, Yunus ya tsuguna yana kallon yadda aka jera ta, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, ɗauri a kan ɗauri, har lanƙwasar ta fito daga miƙaƙƙen itace.

"Ajib. Ba ƙusa ko ɗaya?"

"Ba ƙusa. Riƙe nan. Kada ka yanke wannan sai na zare waccan."

"Wa ya ce maka ta farko ta tsaya a nan, ba can ba?"

"Mai sunanka."

Yunus ya bi igiyar da yatsa. Can ya ce, "Ya abuya, me ya sa ba ka koya mini ba?"

"Na kira ka, Babana. Kowace Muharram. Miƙo wuƙar."

A rana ta huɗu suka iso ƙafar alƙibla. Ba su yanke komai ba, ɗaga ta kawai suka yi ta zube a hannunsu. Mutanen da ke tsaye a ƙasa suka yi salati. Rana ta shida da hantsi bango na ƙarshe ya kai iya gwiwa, kuma babu ɗakin maƙwabci da ko tsakuwa ta taɓa.

Mukhtaru ya sauko ya zauna a kan tarin ƙasa, ya miƙe ƙafafu. Matan unguwa sun taru a gefe da kwanduna suna ƙus-ƙus, suka turo Shatu. Tubalan da yawa sun fito lafiyayyu, kuma a Misfala ba a samun irin wannan ƙasa ta yin murhu.

"Maigida, suna tambaya ne. Wai ko ya halatta a ɗiba, tun da ta masallaci ce."

"Su tambayi Liman."

"Sun tambaye shi. Ya ce a tambayi mai ita."

Ya dubi tarin, ya dubi matan. Wata babbar mota ta shigo lungun da baya, ɗauke da buhunan siminti, direban yana ta ihu a ba shi hanya.

"Su ɗiba," in ji shi. "Su yi sauri dai, masu motar nan wuri suke nema."

Ya dafa gwiwa ya tashi a karo na biyu, don na farkon bai yiwu ba. Bai tsaya ganin sauke kaya ba. Ya shiga gida ya kwanta a kan tabarma da ƙasar a jikinsa, ya ce in an kira azahar a tashe shi.